Mun Wuce Ta Saman Akwanga

Lokuwa, Mubi
Watan Satumba

Yaya Edwin,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Eva da yara. Yaya aikin gareji? Yaya damina a wajenku? Mu nan ruwa ya yi yawa bana, mayo, kogin nan namu, ya cika har ya ci gonakin da ke bakinsa, amma tamu ta Digil ta tsira. Maigidana Mark yana gaishe ka, yaranmu ma haka.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke riƙe da waya. Dalilin ka san shi. Sai muna hira lafiya lau, da na ce "Baba" sai sabis ya ɗauke daga wajenka. Na gaji da magana ni kaɗai. Shi ya sa na ba maƙwabcinmu Zailani wannan, tunda motar wakensa tana bi ta wajenku a Akwanga. Ko ba ka so, ka karanta har ƙarshe.

Idanun Baba sun tafi. Na hagu ya daɗe da mutuwa, da na dama yake lallaɓawa, shi ma tun bayan Ista haske da duhu kawai yake bambancewa. Na ɗauko shi daga Digil, yana ɗakin baya a gidanmu. Mun kai shi Yola, likita ya ce yanar ido ce ta rufe na daman, kuma akwai wata matsala a bayan idon wadda ba su da kayan aikinta, sai Abuja. Ya ce kada mu jinkirta, in shekarar nan ta ƙare ba a yi ba, babu sauran abin da za a ceta.

Ka san ciwon bayansa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan sitiyarin babbar mota, yanzu zuwa Yola ma sai da muka tsaya a Hong, muka tsaya a Gombi, muka tsaya a Song, ya sauko ya miƙe. Zuwa Abuja ta mota ba zai yiwu ba. Muka ce jirgin sama daga Yola. Baba ya ce atafau ba zai shiga ba.

Da farko na ɗauka tsoron faɗuwa yake ji. Ashe ba shi ba ne. Tun da idon ya rufe, abin da ya fi ƙi shi ne a tafi da shi bai san inda yake ba. Ko a keke za mu coci, bakinsa ba ya hutawa: "Ina muke? Mun wuce kasuwa? Wannan kwanar ta ina ce?" A hanyar Yola shi da kansa yake gane garuruwa, daga ramukan titi da muryar masu talla. Ya ce a sama babu rami, babu kwana, babu mai talla, shi kuma ba buhun gyaɗa ba ne da za a loda a Yola a sauke a Abuja. Na yi magana, fasto ya zo ya yi magana, ya ce mu bar shi da makantarsa.

Mark ne ya kawo dabara. Bara da aka tura su kwas Legas ya shiga jirgi, ya ce taswirar cikin waya tana nuna inda mutum yake ko a sama. Ya ce wayar ba ta buƙatar sabis kafin ta san wurin da take, daga tauraron ɗan'adam take ji, sauraro kawai take yi. Abin da ake buƙata shi ne a sauke taswirar a waya tun a gida, sannan a zauna kusa da taga. Ban yarda ba, Baba kuwa dariya ya yi. Sai Mark ya cire layina daga wayar, ya sa mu a keke ni da Baba ya ce mu je Digil mu dawo.

Akwai wani ɗigo shuɗi a kan taswirar, shi ne mu. Keke na tafiya, yana tafiya. Ina karanta wa Baba sunayen wurare, shi kuma yana gwada ni. Ya sa mai keke ya bar titi ya shiga wata hanyar gona, ya tambaye ni ina muka nufa, na ce masa gabas, ga mayo a hannun dama. Ya ce wa mai keke ya koma titi. Da muka dawo gida ya sha ruwa, ya ce, "In wannan abin zai riƙa gaya mini garuruwa, zan shiga. Amma kada ki tsallake ko ɗaya." Na yi masa alkawari.

Farkon wata mai zuwa za mu tafi, za mu sauka gidan Janet, ƙanwar Mark, a Karu. Ba cewa nake ka zo ba. Ba na so ne ka ji a bakin wasu cewa an kai mahaifinka aikin ido ba a gaya maka ba. Ka sa shi a addu'a, ko da ba za ka ambaci sunansa da ƙarfi ba.

Ka gaishe mini da Eva, ka shafa kan yara. Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Liyatu


Karu, Abuja
Watan Oktoba

Yaya Edwin,

Ina gaishe ka da kyau, tare da Eva da yara. Ina fata kowa lafiya. Mun iso Abuja lafiya, Janet ta karɓe mu hannu biyu. An yi wa Baba gwaje-gwaje, an ce jininsa ya ɗan hau amma ba zai hana aiki ba, mako mai zuwa za a yi. Zailani ya gaya wa Mark cewa ya ba ka takardata hannu da hannu, ka sa a aljihu ka ci gaba da aikinka. Ba laifi. Wannan ta hannun wani direban tasha za ta zo.

Labarin jirgi nake so in ba ka, domin akwai abin da ya shafe ka a ciki.

Mun kwana a Jimeta, da safe muka tafi filin jirgi. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa coci. Da muka shiga sai na ga kujerunmu ba na taga ba ne, shi a tsakiya, ni a bakin hanya. Ga shi kuwa Mark ya ja mini kunne cewa in ba a jikin taga ba, wayar ba za ta kama ba. Mai kujerar taga wata dattijuwa ce, Hajiya Binta, mai sayar da atamfa a Jimeta, za ta je ganin 'yarta da ta haihu. Na yi mata bayani. Ba ta bari na gama ba ta tashi, ta ce ita dama kallon ƙasa daga sama juya mata kai yake yi. Na koma taga ta hannun hagu, Baba a tsakaninmu.

Ma'aikaciyar jirgin ta zo tana duba bel, ta ga waya a hannuna ta ce in kashe. Na nuna mata na danna alamar jirgin nan da ke tsinke sabis, na gaya mata dalilina. Ta dubi Baba, ta ce babu damuwa, in dai riƙe ta da kyau lokacin tashi.

Da jirgin ya zabura, Baba ya damƙi hannuna, har yanzu akwai shatin farcensa. Muka rabu da ƙasa, na hango Binuwai ya cika ya batse, daga nan muka shige gajimare, ban ƙara ganin komai ba sai fari. Na duba waya. Ɗigon yana tsaye a filin jirgin Yola, ya ma koma toka-toka. Baba ya ce, "Ina muke?" Na ce wayar tana nema. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsa ɗaya. Sai gumi ya fara keto masa, numfashinsa ya canza, ya fara laluben bel yana cewa a sauke shi, an yaudare shi. Mutane suka fara waigowa. Na tuna da hawan jininsa. Ya zo mini a rai in faɗi sunan kowane gari don ya huce, amma Baba ba mutumin da za a yi wa ƙarya a kan hanya ba ne, in ya kama ni sau ɗaya shi ke nan. Hajiya Binta ta riƙe ɗaya hannun nasa tana yi masa magana da Fulatanci a hankali, kamar tana lallashin jariri. Ni kuma na manna wayar a jikin gilashi ina roƙon Allah.

Can sai ɗigon ya yi tsalle, ya koma shuɗi, ya fara sulalewa yamma. Na ce, "Baba, mun bar Numan a hannun dama." Ya tsaya cak. Ya ce, "Numan? Tun yanzu?" Ya saki bel, ya jingina. Ya ce wa Hajiya shi da a ce a motarsa ne, da yanzu yana layin 'yan sanda a bakin gada.

Daga nan tafiya ta zama hira. Yana jiran in ce Gombe, sai na ce Lau, muna tsallake Binuwai. Ya ce wace irin hanya ce wannan. Na ce Karim Lamido a dama, Jalingo can nesa a hagu. Ya yi lissafi a ransa, ya ce, "Af, direban nan ta daji ya yanke." Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Kowane gari na ambata yana da labarinsa: inda taya ta fashe masa, inda ya ci kifin da bai taɓa cin irinsa ba, inda damina ta tsare shi da lodin albasa har ta ruɓe. Wani mutum a bayanmu ya leƙo yana tambaya ina muke yanzu, Baba ne ya ba shi amsa. Da na ce Wase, ya ce in duba ƙasa, akwai dutse shi kaɗai a tsakiyar fili. Gajimare ya ɗan buɗe, na kuwa gan shi, ƙarami kamar turmi a kife. Rabona da in ji Baba yana magana da irin wannan murya tun Mama tana da rai.

Mun wuce Langtang, muka doshi Wamba. Ina kallon waya sai na ga sunan Akwanga yana shigowa daga gefen taswira.

Yaya, ka san ba a ambaton sunanka a gabansa, kuma ba shi ya hana ba, mu ne muke tsoro. Ni ma ina wurin, shekara goma ke nan, lokacin da 'yan bindiga suka shigo aka gudu daga Mubi. Na tuna kai ne a gaba, ka ce mu bar titi mu bi ta duwatsu, hanya ta yi tsawo, maganin sugan Mama ya ƙare, ta rasu a hannunmu kafin mu kai iyakar ƙasa. Na tuna abin da Baba ya faɗa maka a gaban mutane bayan an rufe ta, cewa kai ka kashe uwarka. Ban taɓa ce maka ka manta ba, yanzu ma ba zan ce ba. Ina gaya maka ne don ka san abin da ke raina lokacin da sunan garin yake matsowa kusa da ɗigon. Na ce in tsallake shi, in jira Keffi. Amma na yi alkawari, kuma ya san bayan Wamba sai ina.

Na ce, "Baba, Akwanga."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Ta wane hannu?" Na ce hagu, ta gefen tagarmu. Sai ya miƙo hannu ta gabana, ya lalubi gilashin, ya shimfiɗa tafinsa a kai har ya ture wayar. Ya tambaye ni ko ana ganin gari. Na ce gajimare ne kawai. Ya ce garejin yana bakin hanyar Jos, ba ta Lafia ba, bayan gidan mai. Ya ce Rahila ta shiga aji uku bana. Ban taɓa gaya masa kana da gareji ba, ban taɓa gaya masa ka sa wa 'yarka sunan Mama ba. Daga baya na gane Zailani yake tsarewa duk lokacin da ya dawo daga kudu.

Na ɗaga wayar na duba, ɗigon ya riga ya bar garin a baya. Na ce mun wuce. Ya ce, "Har mun wuce?" Na ce i. Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya, ya ce, "Ko sannu babu."

Bai ƙara tambayar ina muke ba. Duk da haka na ce Keffi, tunda na yi alkawari. Jirgi ya sauka, ƙafafunsa suka daki ƙasa, mutane suna ta hamdala, shi ko gezau. Hajiya Binta ta raka mu har wajen ɗaukar kaya, ta ja ni gefe ta ce wa yake da shi a garin nan. Na ce ɗansa. Ta ce Allah ya daidaita, ba ta ƙara tambaya ba.

Abin da ya faru ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ka yi da shi yadda ka ga dama. Janet tana gaishe ku. Ka gaishe da Eva da Rahila da ƙaninta.

Taka,
Liyatu


Karu, Abuja
Watan Oktoba

Yaya Edwin,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina fata kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, direban yana jira.

An yi aikin, an gode Allah. Da aka cire bandeji Baba ya daɗe yana ƙifta ido, sannan ya dube ni ya ce, "Liyatu, ashe kin yi furfura." Ni da nas muka yi ta dariya, ni ina yi ina share hawaye. Yana ganin fuska in an matso, yana ganin ƙofa, yana cin abinci ba a riƙe masa kwano ba. Amma likita ya kira ni gefe, Baba kuma ya ce a faɗa a gabansa. Ya ce jijiyar bayan idon ta riga ta yi rauni, ganin da ya dawo ba lallai ya daɗe ba. Zai iya kai shekaru, zai iya tafiya kafin wata damina. Ba wanda ya sani.

Tun da muka dawo gidan Janet, Baba yake gaya wa duk wanda ya zo duba shi cewa likita ya hana shi shiga jirgi. Likita bai faɗi haka ba, ina tsaye a wurin. Ya ce ta mota za mu koma, kuma tunda bayansa ba ya son doguwar tafiya, dole mu yada zango a hanya, wurin da ya dace kuwa shi ne Akwanga. Na ce masa bayan nasa fa. Ya ce bayansa ne, ba nawa ba. Na ce ba mu san ko za a karɓe mu ba. Ya ce shi bai ce zai je gidan kowa ba, tasha ta kowa ce. Daga nan ya juya fuska bango.

Don haka ranar Alhamis da rana za mu sauka a tashar Akwanga. Ba izini nake nema ba, domin ba ni da ikon hana shi. Roƙo ɗaya nake yi. In ba za ka iya ganinsa ba, kada ka bari mu zo ƙofarka ka mayar da shi a gaban yaran garejinka. Ka sa Eva ta turo mini saƙo a ɓoye, ni zan san abin da zan gaya masa, in nemi masauki mu kwana mu wuce. Ni ce zan riƙe hannunsa zuwa mota, kuma ban san yadda zan yi da shi ba in hakan ta faru. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na ku biyun nake ji.

Allah ya ba ka zuciyar da za ka yi abin da ya dace. Ka gaishe da gida.

Ƙanwarka,
Liyatu


Lokuwa, Mubi
Watan Nuwamba

Yaya Edwin,

Ina gaishe ka da gaisuwa mai yawa. Yaya Baba, yaya idon? Yaya Eva da ɗawainiya? Ina fata yara ba sa hana shi hutawa. Na iso gida lafiya ta Jos da Gombe, na sami Mark da yara lafiya, sai dai gidan kamar an yi yaƙi a cikinsa.

Yanzu da kake ɗaukar wayata ba sai na rubuto ba, amma akwai abin da ba zan iya faɗa da baki ba, kuma ba ka san abin da ya faru kafin ka gan mu ba.

Ba ka zo tasha ba. Mun zauna a rumfar wata mai lemo, Baba ya ƙi cin komai. Duk namijin da ya doso sai ya miƙe wuya yana ƙanƙance ido, in mutumin ya wuce sai ya gyara hula kamar ba abin da ya dame shi. Rana ta fara karkata. Na soma tunanin wace ƙarya zan yi masa. Sai wayata ta yi ƙara, Eva ce, ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba, alamar wurin garejinka kawai ta turo a kan taswira. Har yau ban san ko da saninka ta yi ba, kuma kada ka tambaye ta saboda ni.

Na gaya wa Baba. Na tsayar da keke, ya ce a'a, da ƙafa zai je. Muka bi bakin titi, ina kallon waya yana riƙe da kafaɗata. Da muka wuce gidan mai na ce saura kaɗan, sai ya ce bayansa ya riƙe, ya zauna a kan wata tsohuwar taya a gefen hanya. Ba bayan ba ne, tsoro ne. Ya ce, "In ya ce in tafi, kada ki yi masa faɗa. Yana da gaskiya." Ya daɗe a zaune kafin ya tashi.

Mutane da yawa ne a garejin, duk da baƙin mai a jiki. Na buɗe baki zan nuna masa kai, ya ce in bari. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ga shi can, mai hannu a ƙugu. Tsayuwar uwarsa ce."

Da ka juyo ka ce, "Me ya kawo ku?" wallahi na ji kamar in kwaɗa maka mari, na tuna an hana ni. Ban san ko ka ji amsarsa da kyau ba, don injin yana ƙara. Ga abin da ya ce: "Hanyar dutsen nan, ko ni ne a gaba ita zan bi. Tun ranar na sani. Na zo in gaya maka ina kallon fuskarka, tunda an ara mini ido." Ka ajiye sifana ka zagaya bayan shago, ka daɗe ba ka fito ba. Na ce a raina shi ke nan. Baba yana tsaye cikin rana bai matsa ba, har Eva ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi jakarsa ta ce mu je gida.

Ranar ba ku yi magana ba, na lura. Ka ci abincinka a waje. Amma washegari da na fito da kwalbar magani a hannu, na tarar da shi a kan kujera ya ɗaga kai sama, kai kuma ka wanke hannu har gwiwa, kana buɗe masa fatar ido da yatsa, kana ce masa ya daina ƙiftawa. Ashe ka ɗauki ɗaya kwalbar daga jakata. Na koma ɗaki na zauna. Abin da kuka faɗa wa juna kafin nan ko bayan nan naku ne, ba zan tambaya ba.

Da ya ce in tafi in bar shi, na so in yi gardama, sai na ga ba ni ake tambaya ba. To ga abin da ya rage. Maganin ido mai farin murfi safe da yamma, mai jan murfi kafin ya kwanta. Kada ruwan sabulu ya shiga idon, kada ya sunkuya ɗaukar abu mai nauyi. Kada ka bar shi ya zauna a gareji inda ake walda, zai ce kallo kawai yake yi, kada ka yarda. Gishiri kaɗan a miyarsa, zai yi ƙorafi, Eva ta toshe kunne. Ranar komawa asibiti tana jikin katin da na ba ta. In ya ce maka likita ya hana wani abu ko ya yarda da wani abu, ka kira ni tukuna.

Ranar Lahadi na je coci a Digil don in duba gidan. Bayan an tashi tsofaffin mata suka kewaye ni, kowa na tambayar ido, na ce yana gani. Sai Mama Habibat, maƙwabciyarmu mai ƙosai, ta tsallako titi ta ce to ina shi, ba ta ga an dawo da shi ba. Na ce yana wurin ɗansa. Ta ce wane ɗa? Na ce Baba Ezekiya ɗa nawa gare shi? Ta riƙe baki ta dube ni, ta ce in sake faɗa ta ji. Na sake faɗa. A keke ina dawowa Lokuwa na sami kaina ina maimaita shi ni kaɗai, har mai keken ya waigo ya ce da shi nake? Na ce a'a, ya ja mu je.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa gidansa lafiya, awakinsa ma lafiya. Ka gaishe da Eva sosai, ka ce na gode. Mark da yara suna gaishe ku duka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa mu gana cikin alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Liyatu